Neman Siririn Haske a Duhun Oklahoma

Daga birnin Amarillo na jihar Texas hanya ta miƙe arewa samɓal. Dama da hagu fili ne fetal iya ganinka: gonakin masara da dawa waɗanda dogayen bututun ban ruwa ke zagayawa a kan tayoyi, wuraren da ake turke dubban shanu ana ƙosar da su, manyan rumbunan siminti a bakin layin dogo, da injinan iska masu ba da lantarki suna ta juyi. Muka ratsa Dumas, muka ratsa Stratford, muka shiga jihar Oklahoma. Ɗan yayata ne ke tuƙi, wanda ke karatun injiniya a Amurka. A kujerar baya kuwa na'urarsa ta hangen nesa ce kwance, ya naɗe ta da bargo ya ɗaure da bel.

"Kawu," in ji shi, "abin da zan nuna maka ba ya burge mutum a kallon farko. Sai an yi haƙuri da shi."

Abin da yake nufi wata galaksi ce, wato gungun biliyoyin taurari irin wanda ranarmu take ciki. Masana sun san ta da lamba, NGC 891, kuma haskenta kan yi tafiyar shekara miliyan 30 ko kusa da haka kafin ya iso duniya. Dominta muka kamo hanya.

Bayan tafiyar kilomita 190 ko makamancin haka muka iso Boise City, hedikwatar gundumar Cimarron, inda kotun gunduma ke tsaye a tsakiyar shataletale, duk hanyoyin garin suna zagaya ta. Gundumar tana can ƙarshen yammacin Oklahoma, ta yi iyaka da jihohi 4: Texas, New Mexico, Colorado da Kansas. Duk faɗinta, mutanen cikinta ba su kai 2,500 ba. Akwai dalili. A shekarun 1930 nan ce cibiyar bala'in ƙurar da ya ci filayen tsakiyar Amurka. Manoma sun kwashe ciyawar da ke riƙe ƙasa sun shuka alkama, fari ya zo ya daɗe, iska ta kwashi ƙasar gona ta yi sama da ita. Ranar Lahadi 14 ga Afrilu 1935 wata baƙar guguwa ta rufe yankin har rana ta koma dare. Da yawa suka tattara komatsansu suka bar wurin, kuma har yau bai sake cika ba. Ƙarancin mutane ya kawo ƙarancin fitilu, ƙarancin fitilu kuwa ya bar wa yankin sararin sama mai duhun da samun irinsa sai an tona a ƙasar.

Daga Boise City muka juya yamma. Can sai ƙasar ta sauya fuska. Filin ya tsage ya zama kwazazzabai da tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, jan dutse a ƙasa, gajerun itatuwa masu duhun ganye a jikinsu. Wannan ita ce ƙasar Black Mesa, inda wuri mafi tsayi a Oklahoma yake, mita 1,516 sama da teku, kuma baƙin dutsen da ya rufe kan tsaunin tsohon aman wuta ne da ya daskare. Kusa da ƙauyen Kenton, a wani sansani da ake kira Camp Billy Joe, ƙungiyar masu sha'awar taurari ta Oklahoma City takan shirya taron Okie-Tex kowace shekara, a watan Satumba ko Oktoba, lokacin da wata ya ɓuya. Ɗaruruwan mutane ke zuwa, kowa da tantinsa ko motarsa ta kwana.

Da la'asar na zaga filin. Yawancin mutanen ba masana ba ne: akwai malaman makaranta, direbobi, likitoci, manoma, da tsofaffin da suka yi ritaya. Na'urorin suna lulluɓe da farin mayafi saboda rana. Mafi yawansu irin ƙirar John Dobson ne, mutumin da ya shahara a titunan San Francisco tun ƙarshen shekarun 1960 yana kiran masu wucewa su zo su ga wata. Shi da tarkace yake haɗa nasa, gilashin tagar jirgin ruwa, bututun kwali da falankin katako, don ya nuna cewa talaka ma zai iya mallakar babban madubi. Ƙirar ba ta da wuya: madubi mai zurfin ciki a gindin bututu yana tara haske, ƙaramin madubi a sama yana karkato shi gefe zuwa gilashin da ake sa ido, duka kuma suna zaune a kan akwatin katako da ake juyawa da hannu. Ta ɗan yayata madubinta inci 8 ne. A filin akwai masu inci 12, da 18, da 25, wasu sai an hau tsani kafin a kai ga wurin leƙawa.

Rana na faɗuwa doka ta fara aiki. Ba a kunna farar fitila, ba a tayar da mota, fuskar waya ma sai an rufe ta da jar leda. Kowa jar tocila ce a wuyansa, mai raunin haske. Dalilin yana cikin idon mutum: sai ya yi minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai ya fara kama raunanan abubuwa, amma walƙiyar farin haske guda ta isa ta mayar da shi baya. Jan haske mai rauni bai cika yin wannan ɓarna ba.

Muka yi sallar magariba da isha a bayan tantinmu. Da na ɗaga kai bayan sallama sai da na ce Allahu Akbar a fili. Farar hanyar nan ta taurari, wadda Turawa ke kira Milky Way, ta taso daga kudu maso yamma ta bi ta tsakar ka ta gangara arewa maso gabas, da kauri da ƙyalli, har ana ganin gaɓoɓinta. Sanyi ya sauko farat ɗaya. Can cikin kwazazzabai karnukan daji suka ɗauki kuka, suka yi shiru. Filin kuwa ba ka jin komai sai ƙananan muryoyi da ƙarar tsani ana ja a kan tsakuwa.

Ɗan yayata ya ce mu fara da mai sauƙi. Ya nuna mini galaksin Andromeda, wadda ido ke gani ba tare da na'ura ba, ɗan tabon haske a gabas. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambace ta a littafinsa na taurari tun shekarar 964, ya kwatanta ta da ɗan ƙaramin gajimare. Nisanta tafiyar haske ce ta shekara miliyan 2.5, kuma a na'ura ta cika ido har ta yi saura. Daga nan ya gangaro kan jerin taurarin da ke kusa da ita zuwa ta ƙarshe, Almak, sunan da ya fito daga Larabci. A gilashi ta rabu biyu, ɗaya ruwan zinariya, ɗaya shuɗiya, suna maƙwabtaka. Ya ce daga Almak za a matsa gabas digiri 3 da rabi, wajen rabin hanya zuwa wani ɗan gungun taurari mai suna M34. Ya duƙa, ya tura bututun a hankali, ya duba taswirarsa da jar tocila, ya sake turawa. Sannan ya ja da baya.

"Tana ciki, Kawu. A tsakiya take."

Na sa ido. Taurari ne birjik, ƙanana da manya, a kan baƙin fili. Ban da su ban ga komai ba.

"Kada ka zuba mata ido kai tsaye. Kalli wancan tauraron na gefe, ka bar ta ta shigo ta wutsiyar ido. Yi numfashi sosai. Bari in ɗan girgiza bututun."

Ya taɓa shi da yatsa, taurarin suka yi rawa, sai ga wani abu ya yi rawa tare da su: siririn haske, dogo, toka-toka, mai ɗan kumburi a tsaka da tsini a kowane ƙarshe. Ina juyo da ido kansa ya ɓace. Na kau da kai gefe ya dawo. A hankali na koyi riƙe shi, daƙiƙa kaɗan, sannan fiye da haka, har ya tsaya.

Wannan ba sihiri ba ne, ƙirar ido ce. Tsakiyar ido, inda muke karatu da gane fuska, cike take da ƙwayoyin da ke rarrabe launi amma suna buƙatar haske mai yawa. Ƙwayoyin da ke aiki a duhu suna gefe-gefe, kuma su ba sa ganin launi, shi ya sa duk galaksin da mutum ya gani da idonsa toka-toka take fitowa. Sun kuma fi saurin lura da abin da ya motsa, abin da ya sa ake girgiza bututu ke nan. Madubi mai inci 8 yana tara haske wajen ninki 800 na abin da ƙwayar ido ke tarawa, amma ko da wannan taimako, sai mai kallo ya iya sarrafa idonsa.

Me ya sa ta yi wuyar gani haka? Galaksi irin wannan siffar faifai gare ta. Idan faifai ya fuskance ka, za ka ga da'irarsa da saƙarsa duka. Idan aka juya maka bakinsa, layi ɗaya kawai za ka gani. NGC 891 bakinta ta ba mu, daidai wa daida. Faɗinta na gaskiya ya kai tafiyar haske ta shekara 100,000 ko kusa, amma a samanmu tsawonta bai kai rabin faɗin wata ba, kuma ɗan hasken da ke isowa ya bazu a kan wannan tsawo ya yi laushi. Ƙari a kan haka, ƙurar da ke cikinta ta tare haske daga wurin da ya fi yawa. William Herschel ne ya fara ganin ta, ranar 6 ga Oktoba 1784, a Ingila, da madubin ƙarfe da ya goge da hannunsa, shekara 3 bayan ya gano duniyar Uranus. Lambar da take amsawa ta fito ne daga kundin da John Dreyer ya wallafa a 1888.

Kusa da mu wata dattijuwa ce zaune a kan doguwar kujera da na'ura mai inci 12, ta lulluɓe kanta da baƙin ƙyalle har gilashin, allon zane a cinyarta. Ta ji muna maganar 891 sai ta ce mu zo, ita ma a kanta take. A na'urarta galaksin ba ta gudu. Ta ƙara tsawo, kumburin tsakiyar ya fito, kuma akwai ƙananan taurari a kanta waɗanda dattijuwar ta ce namu ne, na galaksinmu, sun shiga tsakani ne kawai. Ta nuna mini zanenta ƙarƙashin jar fitila: ɗigo-ɗigon fensir na taurari, da dogon shafi da ta murza da yatsa, da wani siririn layi da ta cire da abin goge fensir a tsakiya. Ta ce ba don kyau take zane ba. Fensir yana tilasta mata ta tambayi kanta ko abin nan ta gan shi ne da gaske ko so take ta gan shi, kuma ba ta sa komai a takarda sai ya bayyana mata sau da yawa a wuri ɗaya. Na nemi layin nan a gilashinta. Wani lokaci sai in ji kamar ya gifta, wani lokaci babu.

Bayan tsakar dare galaksin ta hau kusan tsakar ka, inda iskar da haske zai ratsa ta fi ƙaranci. Muka sha shayi mai zafi, muka nufi inda ake layi a gindin wata na'ura mai inci 25. Mai ita wani dattijo ne mai fama da gwiwa, shi yana ƙasa yana riƙe tsani yana yi wa kowa bayani. Madubinsa yana tara haske kusan ninki 10 na namu. Da layi ya zo kaina ya ce in riƙe tsanin da hannu biyu, kada in jingina da na'urar, in kuma ɗauki lokacina. Na hau a hankali, ƙarfen yana da sanyi har cikin ƙashi.

Nan babu batun wutsiyar ido. Galaksin ta ratsa fili daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a tsakiyarta, daga kumburin zuwa nesa a kowane ɓangare, wani baƙin layi ya tsaga ta gida biyu. Layin ba miƙaƙƙe ba ne sumul. Bakinsa yana da ɗan cin-cin, nan ya yi kauri, can ya sirance. Sama da shi haske, ƙasa da shi haske, shi kuwa duhu ne tsantsa. Na daɗe a kan tsanin nan ina tasbihi a zuci, har duniya ta juya galaksin ta fara fita daga gilashi, dattijon ya ce in kama bakin na'urar in ja ta kaɗan zuwa gare ni. Na ja, ta dawo.

Da na sauko ya tambaye ni ko na ga layin. Na ce na gani. Sai ya kama kafaɗata ya juya ni yamma, ya nuna Farar Hanya inda take gangarawa. Tun daga taurarin Cygnus ta rabu biyu, baƙin rami yana bin tsakiyarta. Ya ce abin da na gani a sama da wannan abu ɗaya ne, bambancin kawai wancan daga waje na gan shi, wannan kuwa daga ciki.

Maganarsa gaskiya ce, kuma an daɗe kafin a gane ta. Herschel kansa ya ɗauki irin waɗannan baƙaƙen wurare a matsayin ramuka inda babu taurari. A farkon ƙarni na 20, Heber Curtis na cibiyar Lick da ke California ya duba hotunan galaksi masu yawa da suka ba mu baki, ya ga baƙin layi yana maimaituwa a cikinsu. Ya ce idan tamu ma haka take, to shi ya sa ba ma ganin wasu galaksi ta wajen Farar Hanya: wani abu ne ke tare su. A 1923 Edwin Hubble ya gano wani tauraro mai sauya haske a Andromeda wanda ya ba da damar auna nisanta, aka tabbatar tana can waje da galaksinmu. A 1930 Robert Trumpler ya nuna cewa akwai ƙura a tsakanin taurarinmu da ke rage hasken na nesa. Ƙurar ƙwayoyi ne na gawayi da ma'adinan dutse, ƙanana ƙwarai, waɗanda tsofaffin taurari ke fesarwa ko su watsar idan sun fashe. A cikin gajimarenta masu sanyi ne sababbin taurari da duniyoyi ke haɗuwa. Hotunan manyan na'urori sun nuna cewa a NGC 891 ƙurar har tana tashi zara-zara sama da ƙasa da faifan, kuma masana suna danganta hakan da ƙarfin fashewar taurari. An ga irin wannan fashewa a cikinta a 1986.

Mu muna zaune ne a cikin namu faifan, tafiyar haske ta shekara 26,000 ko kusa daga cibiyarsa, kuma babu wanda ya taɓa fita ya waiwayo ya ga siffarsa. Masana suna ganin NGC 891 ta yi kama da tamu ƙwarai a girma da ƙira. Wanda ya hau tsanin nan, ke nan, ya ga kusan yadda gidansa yake idan an hango shi daga gefe.

Hotunan NGC 891 suna nan a intanet, masu launi da kyau fiye da duk abin da na gani. Wata babbar na'ura mai madubi biyu da ke kan dutsen Graham a Arizona, kowane madubi mita 8.4, da ita ta buɗe aiki a Oktoban 2005. A filin ma akwai masu kamara da kwamfuta suna tara haskenta na sa'o'i. Ban raina aikinsu ba. Amma hoto yana ba ka komai a lokaci ɗaya, ka kalla ka wuce. Gilashi kuwa ba ya ba ka sai gwargwadon natsuwarka, kuma hasken da ya shiga idonka shi ne ainihin wanda ya baro can tun kafin a yi ɗan Adam a bayan ƙasa. Abin da mutum ya sha wuya kafin ya gani ba ya barin zuciyarsa da wuri.

Da asuba raɓa ba ta sauka ba, iskar wurin busasshiya ce. Kaza da 'Ya'yanta sun karkata yamma, mutane suna rufe na'urorinsu suna shiga tanti. Bayan mun yi sallah ɗan yayata ya ce mini yawancin mutanen nan tafiyar yini guda ko fiye suka yi, domin a garuruwansu fitilu sun cinye sama. Wani binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin Farar Hanya daga inda suke zaune, a Arewacin Amurka kuwa kusan kashi 80 cikin 100 ne. Binciken ya sa Chadi cikin ƙasashen da mutanensu suka fi kowa zama ƙarƙashin sama mai tsabta.

Wannan ya tsaya mini a rai duk tsawon hanyar komawa. Ba na yabon rashin lantarki, domin na san abin da yake jawo wa asibiti da ɗalibi da mai sana'a, na kuma san akwai wuraren da dare ya zama abin tsoro a ƙasarmu. Amma ana iya haska titi da fitila mai hula wadda ke zuba haskenta ƙasa, a samu tsaro ba tare da an kashe sama ba, kuma gara a yi tunanin haka tun fitilun ba su gama yawa ba. NGC 891 ba ta Amurka ba ce. Daga Kano ko Zinder ko Maraɗi takan hau har digiri 60 sama da gefen arewa, wajen tsakar dare a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba, daidai lokacin da damina ta wanke iska kuma hazo bai kankama ba. Akwatin da na'urar Dobson ke zama a kai, kafintan unguwa zai haɗa shi. Makarantar sakandaren da ke bayan gari, inda yara ke kwana ƙarƙashin wannan sama kowane dare, abin da take buƙata shi ne madubi mai inci 8, da taswirar taurari, da malami ɗaya da ya san inda Almak take kuma yake da haƙurin tsayawa har yaro na ƙarshe a layi ya ce ya gani.